Ranar da Aka Gayyaci Kawu Ya Yi Wa Ƙasa Kuka

A shekarun da ake ta kai ruwa rana kan iyakarmu da Kamaru, ina aikin buga takardu a wani ɗan shago a Samaru. Yawancin masu kawo min aiki ɗalibai ne, sai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya rasa inda zai kai bakinsa. Shi ya kafa ƙungiyar kare iyakar ƙasa, ya naɗa kansa shugaba. Su bakwai ne a ƙungiyar, biyar na da muƙami. A iya sanina, tafiyarsa gabas ba ta taɓa wuce Saminaka ba.

Kusan kullum sai ya zo da takarda. "Rubuta, ko taku ɗaya ba za mu bari ba! Jininmu zai malala!" Yana faɗa yana ƙorafin fankar shagon ba ta kai masa iska.

Ni kuwa ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, da ya daɗe a wani ƙauyen masunta a Tafkin Chadi. Ruwa ne ya yi ta ja da baya, masunta suka yi ta bin sa suna kafa bukkoki, har suka tsallaka iyaka ba su sani ba. Daga baya hukuma ta bi su da tuta da masu kaki. Da kotu ta yanke hukunci aka miƙa ƙauyen ga Kamaru, Kawu ya tattaro ya dawo Zariya, ya kama rumfa a kasuwar Sabon Gari yana sayar da kifin banda. Wata rana bakina ya suɓuce na ba shugaba wannan labari.

Ya dafe ƙirji. "Kina da shaida a gida kika yi shiru?"

Nan da nan aka sa taro ranar Asabar da la'asar, a wani aji na makarantar firamare a Dogarawa. Kawu ya ce ba shi da abin faɗa, sai da mahaifiyata ta sa baki. Da yake ba ya zuwa wurin mutane hannu rabbana, ya cika kwali da banda muka ɗauko.

Sun manna taswira a jikin allo. Shugaba ya fi awa guda yana magana, rabi Hausa rabi Turanci, yana dukan taswirar da sanda can ƙasa, wajen teku. Kawu ya karkato ya yi min raɗa.

"'Yar nan, can ne ƙauyen namu?"

"A'a Kawu, naku yana sama. Bai kai nan ba tukuna."

Har ya gama bai kai ba. Kafin a kira Kawu, sakatare ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Baba, in hawaye ya zo kada ka riƙe. Mun ɗauko mai hoto."

Kawu ya miƙe ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ya ce ya faɗa wa jama'a irin zaluncin da baƙi suka yi musu.

"To, yallaɓai," in ji Kawu, "masu kakinmu sun daɗe tare da mu. In kwalekwale ya dawo sai su zaɓi manyan kifi, su ce na tsaro ne. Da na wancan gefe suka karɓa, su ma manyan suke zaɓa, sai dai su da Faransanci suke yi."

Wani ya yi dariya, aka harare shi. Shugaba ya gyara murya.

"Ranar da aka sauke tutarmu fa, yaya ka ji a ranka?"

"Ina ɗinkin komar kamun kifi, ban je ba. Tutar ma rana ta daɗe da cinye ta, ba ka gane kore da fari."

"To me ya koro ka?"

Kawu ya dubi ƙasa. Ya ce cewa aka yi ya nemi takardar izinin zama, a gidan da ya gina da hannunsa, zuciya ta ɗebe shi ya taho. Amma kabarin matarsa yana can a bayan ƙauye, inda ƙasa ke zaizayewa, damina biyu ke nan ba wanda ya gyara shi. Ya ce tunda su manya ne masu ilimi, ko za su taimaka masa da wata takarda da zai nuna a shinge ya wuce. A nan muryarsa ta karye da gaske. Sai dai shugaba ya riga ya yi wa mai hoto alama ya sauke kyamara.

"Baba, wannan ai matsalarka ce ta cikin gida. Mu maganar ƙasa muke yi."

Aka tafa wa shugaba. Sannan aka buɗe kwalin. Mutanen da jininsu zai malala suka cinye bandan tas, ma'aji har yana tambayar ko ba a zo da yaji ba.

A motar komawa, da Kawu zai sauka ya ce min, "Mutanen kirki ne, suna da ci."

Ranar Litinin shugaba ya kawo sanarwar bayan taro. A ciki an rubuta cewa wani dattijo ya fashe da kuka, ya rantse sai ya ƙwato ƙasar kakanninsa. Kakannin Kawu manoman dawa ne a Zabi, ba wanda ya taɓa ganin Tafkin Chadi a cikinsu. Na karanta sau biyu, na gyara inda ya yi kuskuren rubutu, na buga masa. Wannan har yau yana cina.

Ƙungiyar ba ta kai damina ba. Sun watse ne kan wanda zai zauna gaban mota ranar da za su kai takarda Kaduna.

Kawu kuwa wani direban da ke kawo masa kifi ne ya ɗauke shi wata safiya ya mayar da shi ƙauyen. Ya bi layi a ofishin wancan gefe, ya dangwala yatsa, aka ba shi izinin zama. Direban ya riƙa kawo mana saƙonsa: ya gyara kabarin ya kewaye shi da ƙaya, ya sayi rabin kwalekwale, ƙafarsa na ciwo in an yi sanyi. Shekara huɗu ya ƙara a can. Labarin rasuwarsa ya iso mu bayan kwana tara, muka shimfiɗa tabarmi a gidanmu na unguwar Jama'a muka karɓi gaisuwa.