Ranar da Muka Kai Inna Bakin Gulbi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gwandu, mu uku da jaki ɗaya: ni da yayata da mahaifiyarmu, Inna, wadda dominta aka yi tafiyar. Inna mai son yawon yini ce. Kasuwar Masama da ta Dodoru ba sa wuce ta, ta je da safe ta dawo da yamma da labarin kowa. To, bana yanar ido ta fara rufe mata gani. Ran nan tana kaɗi sai ta ce mini, "Ka kai ni in ga gulbi tun ina gane fari da baƙi." A wajen Kalgo aka haife ta, gidan masunta, kuma tun da aure ya kawo ta Gwandu ba ta koma ba, don danginta sun ƙaura sun bi ruwa.

Kaka ce, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai. Hanyar yashi ce zalla, jakin ma sai da lallashi. Inna na bisa tana yi masa faɗa kamar jikanta. Da rana ta take muka ratse wata ruga muka sha fura da nono mai kauri. Na miƙa wa mai nonon anini, irin kuɗin nan na Nasara. Ta jujjuya shi, ta leƙa ta hudar, ta mayar mini, ta ce ita wuri ta sani. Da Inna ba ta ƙullo wuri a bakin zane ba, da na sha kunya.

Muka kwana a wani ƙauye, washegari da hantsi muka shiga Kalgo. Tun daga bakin kasuwa ƙamshin banda ya tarbe mu. Shinkafa arha, kifi kuwa ba a magana. Tarwaɗar da muke rabawa gida guda a Gwandu, a nan mutum ɗaya ake ɗora wa bisa tuwo. Da muka zauna wurin wata mai tuwo, ta ji daga inda muka fito, sai ta ƙara mana miya, ta ce baƙin tudu sai da tausayi.

Bayan azahar muka bi hanyar Diggi har bakin ruwa. Ni da na tashi a bakin rijiya, ban taɓa ganin ruwa ya kwanta haka ba. Ga jirage suna kai da kawowa, ga masunta kwance bisa gora suna shawagi, ga farar balbela ta cika fadama. Muka sauke Inna, muka tsayar da ita tana fuskantar gulbin. Ta ƙura wa ruwan ido.

Na ce, "Inna, kin gani?"

Ta ce, "Haske dai nika gani, ɗana. Fari fat."

Tun farkon damina take faɗar gulbin nan ina cewa sai an gama aikin gona, ga shi na kawo ta a makare. Na juya baya don kada yayata ta ga idona.

Can sai Inna ta ce a kai ta mashigin mata ta wanke ƙafa. Yayata ta riƙe hannunta suka tafi, ni na tsaya nesa da jaki. Ba a jima ba na ji yayata ta ƙwalla ihu, "Inna ta tafi! Ruwa ya ɗauke Inna!"

Na sheƙa a guje, na faɗa ruwa har ƙugu, nan tsoro ya kafe ni. Na hango kan Inna can nesa da gaɓa. Na roƙi wani tsoho mai jirgi ya taimaka don Allah. Ya sa hannu a goshi ya duba, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, bar ta. Wagga ɗiyar ruwa ta. Kai dai fito kar mu yi aiki da kai."

Na sake dubawa. Ashe iyo take yi. Ta ɗaure zanenta tam, tana sara ruwa hannu bayan hannu, a natse. Ta yi kewaye, ta bi muryar yayata ta dawo. Ta fito tana haki tana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Yanzu kam na gan shi."

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, da ƙunshin banda na tsaraba. Inna ta yi mura, yayata ta yi mata faɗa tun daga Kalgo har ƙofar gida, ita kuwa ko a jikinta.

Abin da na koyo bai wuce wannan ba: shekara arba'in ina cin tuwon matar nan, na san tarinta, na san takunta, amma ban taɓa tambayarta wace ce ita kafin ta haife ni ba. Jiya da la'asar na ɗauki tabarma na zauna kusa da ita na tambaya. Har aka kira magariba ba ta kai ga aurenta ba.