Mijin da Bai Saki Tabawa Ba

Ina tankaɗen gero Aissa maƙwabciyata ta shigo ba sallama, ta ce mini Tabawa ta cika. Na ajiye rariya. Kafin hawaye su zo, ranar da muka sa mata lalle ce ta faɗo mini a rai.

Tabawa 'yar Tasawa ce, aure ya kawo ta Agadas. Bayan rasuwar mijinta ta kama sayar da dabino da gishirin Bilma a bakin kasuwa, kuma tun daga nesa ake gane rumfarta da dariyarta. Ɗanta guda ne, Chaibou. Da matarsa ta rasu ya tafi haƙar zinariya Jado, ya bar mata ɗansa Issouf, yaron da bai isa shiga lakwal, makarantar boko, ba.

Da can Issouf baki gare shi kamar rediyo, amma tun da aka fita da uwarsa ya yi shiru. Yana ci, yana bin kakarsa riƙe da bakin zanenta, ba ya cewa uffan. Tabawa ta kai shi likita. Madam Souwaiba, mai kula da yara, ta duba kunne ta duba harshe, ta ce lafiyarsa ƙalau, baƙin ciki ne ya ɗaure shi. Ta ce kakanni irin Tabawa suna da yawa a unguwa, su riƙa zuwa ran Alhamis a tattauna. Tabawa ta ce bencin likita karya baya yake, su taho gidanta akwai tabarma.

Haka zaman Alhamis ya fara. Madam takan zo bisa moto ta auna jarirai, ta nuna mana kunun da ke tayar da yaro. Mai sauran ƙafa ta kwashi jikokin mai ciwon gwiwa zuwa rigakafi. Wata tsohuwa Buzuwa takan zo da cuku, ta dafa shayi. Ni ma nawa biyu nake riƙo. Yara su cika tsakar gida da ihu, Issouf yana gefe yana kallo.

Sai Chaibou ya bugo talho ya ce in yaron bai yi magana ba kafin Salla, zai tura shi Damagaram wurin dangin uwarsa. Tabawa ba ta yi dariya ba ranar. Ta ce mini in aka ɗauke shi, ba ta san wa za ta dafa wa tuwo ba.

Kowa ya san wasan kaka da jika. Tun yana zanen goyo take kiran Issouf maigida. Sai ta shiga yi masa ƙorafi safe da yamma: wane irin miji ne wannan, ba cefane, ba ko sannu? Ta ce ta gaji, za ta auri Nasser, jikana, wanda ko wando bai iya ɗaurawa ba. Issouf ya harare ta kawai.

Wata Alhamis muka kwaɓa lalle. Muka zaunar da ita, muka lulluɓe ta da mayafi, aka naɗa wa Nasser rawanin da ya fi shi tsawo. Madam ta zama uwar ango, Buzuwa tana kiɗa da turmi, muna guɗa. Aka kama hannun amarya za a kai ta gidan Nasser. Tabawa tana kukan ƙarya.

Mun kusa zaure sai Issouf ya sheƙo, ya ture Nasser, ya cafke zanenta.

"Ban sake ki ba," ya ce, murya a dishe.

Tabawa ta yaye mayafi, fuska jiƙe da hawaye, ta ce, "To maigida, ina cefane?" Ya ce gobe. Muka fashe da dariya har Buzuwa ta kifar da shayi. Da yamma da bakinsa ya gaya wa ubansa a talho an so a sace masa mata. Ba a sake zancen Damagaram ba.

Yanzu yana lakwal, mushe, malaminsu, har kuka yake da surutunsa. Kakannin da ke zuwa zaman Alhamis sun fi ƙarfin tabarmin gidan.

Da jikin Tabawa ya yi nauyi na je duba ta. Issouf yana yi mata fifita, ta aike shi ɗebo ruwa, ta kama hannuna.

"Ƙawa, in na tafi ke za ki gaje shi. Amma ki sani, ba ya saki."

Na ce ni ba na auren mijin ƙawata.

Ta yi dariya har da tari. "To ki riƙe mini shi aro."

Na ce, "Na riƙe."