Yadda Na Hana Sabulu a Rijiyar Birnin Lalle

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka jera mini turbin uku a kan buhun siminti. Uku ke nan kaf a ƙasar Dakoro. Rijiya ɗaya za a gama da su, sati shida suka rage ruwan sama ya cika kwarin, kuma mutum ɗaya za a kora in sun ƙare aiki bai ƙare ba. Mutumin nan ni ne.

Zamanin Faransa ne, saura ƴan shekaru a ba mu mulkin kai. Kumanda ya sa a gina wa makiyaya rijiyar siminti a wani kwari kusa da Birnin Lalle, inda ruwa ba ya da nisa. Ga yadda aikin yake, don ku da ba ku gani ba: mahaƙa suna ƙasa suna kwasa, zoben siminti yana nutsewa, famfo mai inji yana sama yana zuƙe ruwan laka ta tiyo don kada ya sha kansu. A cikin famfon akwai wani ƙarfe mai fukafukai da ke juyawa yana wurga ruwa waje. Shi ne turbin. In fukafukansa suka suɗe, famfo sai kuka, ba aiki.

Ni aka naɗa shef ɗin famfo, don na ce ina jin faransanci. Gaskiyar magana, abin da na iya bai wuce "wi mushe" da "mersi" ba. A gefe kuma ina sayar wa ma'aikata goro da sabulu.

Kwana tara turbin na farko ya yi. Nasaran da ke kula da injuna, wanda muke kira Mushe Mai Lofe, ya zo daga Dakoro ya kwance famfo. Ya ciro ƙarfen, ya siɗe kamar tsohuwar hauya. Ya kai mini shi bakin hanci yana murza yatsunsa biyu, yana ihu: "Sabul! Sabul!"

Na dubi yatsun nan, na tuna yadda ma'aikata ke wanka a bakin ramin kowane marece, kumfa na gangarawa ciki. Na ce, "Wi mushe." Ya hau kamiyonsa, babbar motar kayan aiki, ya tafi.

Na tara mutane na ce, "Nasara ya gano ciwon. Sabulu ke cin ƙarfe. Daga yau duk wanda na gani da sabulu a shantiyen nan, wurin aikinmu, ya kama hanyar gida."

Baba Nomau, tsohon da ke shugabantar mahaƙa, ya karkata kai yana duban wani yaronsa. "Shef, sabulun da ya kasa cin dauɗar wuyan Ɗan Jimma shi ne zai ci ƙarfe?"

"Baba, kai ka ji faransanci ko ni?"

"Kai ne, ɗana. Allah ya ƙara ilimi."

Don in nuna da gaske nake, na ɗora kwalin sabuluna a jaki na aika wa surukata kyauta. Da hannuna na rufe kasuwata.

To ku ƙiyasta: tsakiyar bazara, ƙarti ashirin suna wuni cikin laka, ba sabulu. Makiyaya suka daina zama ta inda iska ke bi. Matar da ke kawo mana fura ta koma ajiye ƙwarya a gindin wata aduwa, ta yi kira daga nesa. Duk da haka, kwana tara cif, turbin na biyu ya bi ɗan'uwansa.

Wannan karo Mushe ya zo da tafinta na gaske daga biro, wato ofishin Kumanda. Yana saukowa ya toshe hanci da hankici. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, me ka yi a kan abin da ya faɗa maka?"

Na buga ƙirji. "Gaya masa ko ɓallin sabulu babu a nan. Ya shaƙa ya ji."

Tafinta ya dube ni, ya dubi mutanena, sai ga shi zaune a ƙasa yana riƙe da ciki. Da ƙyar ya ce, "Rairayi ya ce maka, bawan Allah! A bakinsu rairayi shi ne sabul!"

Mushe bai yi dariya ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna turbin na ƙarshe, ya nuna ni, ya nuna hanya. Wannan faransancin kam na ji shi sarai.

Da suka tafi na sami Baba Nomau a inuwa. Ya buɗe baki ya nuna mini dasashinsa. "Ka ga turbin ɗina? Tsakuwar cikin tuwo ta cinye su. Tun ranar farko na san abin da ke damun injinka."

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Kai ne mai faransanci."

Na haɗiye wannan, don na ci bashinta. Na ce to, mafita fa? Ya ce, "Ka taɓa ganin mace tana rege gero? Ba ta ɗiba daga gindin ƙwarya, kuma ba ta gaggawa. Kai kuwa ka dasa bakin tiyo cikin rairayi, ka buɗe wa inji wuta kamar ana binka."

Haka muka yi. Muka raba tano, wato duron ƙarfe, gida biyu, muka rataye rabin a cikin ramin, bakinsa ɗan ƙasa da saman ruwa, muka ɗaure bakin tiyo a cikinsa. Ruwa yana malalowa ta sama, rairayi mai kauri yana zama a ƙasa, mahaƙa suna fid da shi da guga. Na rage gudun inji har ya koma kamar minshari. Zuciyata ba ta so ba, ina ganin muna ɓata lokaci, amma ruwa bai taɓa wuce gwiwar mahaƙa ba. Sai dai sabulu ya gagara, don surukata ta riga ta raba wa dangi.

Zoben ƙarshe ya zauna saura kwana biyu hadarin farko. Mushe ya kwance famfo, ya shafa fukafukan turbin, suna nan da ƙarfinsu. Ya ce, "Bon." Na ce, "Mersi." A nan faransancina ya ƙare.

Shi ya sa ku da ke tsaron shagon nan nawa na kayan famfo nake ce muku, in mutum ya zo sayen turbin, ku fara tambayarsa ina bakin tiyonsa yake. In kuma aka faɗa muku abin da ba ku ji ba, ku ce ba ku ji ba.

Ga lissafi. Na yi asarar turbin ɗaya a banza, da kwalin sabulu, da ƙimar faransancina. Na tsira da aikina, makiyaya suka sami rijiya, ni kuma na sami sana'ar da nake ci har yau. Abu ɗaya ne ya ƙi reguwa. Na je Makka na dawo, amma daga Dakoro har Korahane, in ba ka ce Alhaji Sabulu ba, ba wanda zai nuna maka gidana.