Hancin Almu da Kantar Ƙarfe

Almu ɗan wani ƙauye ne da ke bayan Garam. Ubansa manomin dawa da doya ne, gonar kuma ba ta kai a raba wa maza shida ba, saboda haka gemunsa na fara tsirowa ya ɗaure ƙullinsa ya shigo Suleja. Bai yi boko ba. Abin da Allah ya ba shi wuya ne mai ƙarfi, sai kuma hanci. Hancin nan kuwa, in ka wuce ta gabansa da buhun wake zai gaya maka na bana ne ko na bara, an zuba masa magani ko ƙwari sun fara ɓarna a ciki.

Ya daɗe yana buga-buga, sannan ya yi shekara ashirin da takwas a wani siton hatsi da ke hanyar Tafa. Da dako ya fara, har gwiwoyinsa suka gaji aka bar masa tsara kaya. Dokarsa ba ta da yawa. Ba a jingina buhu da bango, kuma tsakanin tari da tari sai an bar hanyar da kafaɗar mutum za ta wuce. Kullum da safe ya bi hanyoyin nan da wani siririn ƙarfe mai tsini da rami a ciki, ya soki buhu, ƙwayoyi su gangaro masa tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya ciji guda. Tsohon kaya shi ke fara fita. Da wannan ya ciyar da matarsa Sailuba da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu na haya a unguwar Hashimi.

Sai masu siton suka sayar wa wani kamfani na Abuja. Sababbin suka zo da takalma masu ƙyalli, suka dubi hanyoyin Almu suka ce asarar wuri ce. Wai iska ma sai ta ci gurbi! Aka kawo kantocin ƙarfe, hawa biyar har kusa da rufi, manne da juna, ko akuya ba za ta ratsa ba. Buhuna ana jera su kan wani katako da suke kira falet, a naɗe da leda, sai mota mai ƙaho biyu ta ɗauka ta shige layi ta tura can ciki. Kowane layi yana cin falet takwas, wani bayan wani, kuma baki ɗaya gare shi. Bayansa bango ne.

Siton ya ci ninki uku na abin da yake ci a da, wannan gaskiya ne. 'Yan dako ashirin kuma suka koma huɗu, wannan ma gaskiya ne. Almu aka bar shi yana naɗa leda, aka sa masa riga ruwan ɗorawa kamar mai ba da hannu a titi. Manajan wurin, Chidi, mutum ne mai girmama furfura, ya kira shi gefe.

"Baba, abu ɗaya zan roƙe ka. Ba a shiga layin nan da ƙafa. Akwai kyamara, daga Abuja suke kallo. Wanda ya shiga, a ranar zai tafi, ko ni ne."

"To in wake ya lalace a can ciki, Oga, wa zai sani?"

"Kwamfuta tana da ranar shigar kowane kaya."

"Tana da hanci?"

Chidi ya yi dariya. Almu bai yi ba.

Da kaka aka sauke waken farko, Lukuman mai tuƙa motar ya tura shi har jikin bango a layi na bakwai. Lukuman magidanci ne mai saurin aiki, kuma ba ya son wahala. In aka zo ɗaukar kaya, na baki zai zaro. Kafin ya kai ga na ciki wata tirela ta iso, sai ya cike bakin da sabo. Haka rani ya wuce, na bango yana zaune kamar an binne shi.

Damina ta sauka. Duk wanda ya san Suleja ya san laimarta, tabarma ma sai ta yi gumi. Almu ya fara tsayawa a bakin layi na bakwai yana buɗa hanci.

"Baba Almu, ko tsiren Tafa kake jiyowa?" in ji Lukuman.

"Kai dai zaro mini na cikin nan in gani."

"In sauke falet talatin don hancinka? Tirela biyu na jirana."

Ya gaya wa Chidi sau biyu. Chidi ya danna kwamfuta ya ce waken bai kai lokacin fita ba.

A gida abinci ya daina shigarsa. Sailuba ta gane, don zaman aure na shekara talatin ba wasa ba ne.

"Malam, waken ubanka ne?"

"Mutane za su ci shi, Sailuba."

"Su ci. Kai da wace gwiwa za ka koma dako? Ka haura sittin. Ka naɗa ledarka ka yi shiru."

Ya ce to. Kwana tara ya riƙe wannan to ɗin.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kwashe fiye da rabin layi na bakwai, Lukuman ya fita shan shayi kafin tirela ta ja baya. Almu ya dubi ramin nan mai duhu, ya dubi kyamarar da ke kallonsa daga sama. Ya san abin da zai biyo baya sarai, ba wanda zai ce bai sani ba. Ya zaro ƙarfensa daga ƙugu ya shiga.

A nan kuma hannunsa ya ci amanarsa. Hannun da ya saba shekara ashirin da takwas ba ya wuce buhu bai gaishe shi ba. Yana tafe yana sukar na layin dama da na hagu ta tsakanin ƙarafa, soka nan, soka can, duk lafiyayyu. Da ya isa ƙarshe ya matse jikinsa ta gefe ya kai ga na bango. Ya soka. Abin da ya zubo gari ne mai ɗumi, da ƙwari suna yawo a ciki.

Ya fito da shi a dunƙule, ya zube a teburin Chidi, kan takardu.

"Ga abin da kwamfutarka ta ajiye."

Chidi ya dubi garin, ya dubi ƙurar da ke kafaɗar rigar Almu, ya dafe kai.

"Baba, ka shiga."

"Na shiga."

Aka wuni ana sauke layin. Falet goma na sahu biyun da ke jikin bango, daga ƙasa har sama, duk sun tashi aiki, ko dabba sai mai haƙuri. Almu ya yi gaskiya. Amma buhunan da ya soka a hanya irin sababbin nan ne masu leda biyu a ciki, waɗanda ake ɗaurewa don iska ta ƙare ƙwari su mutu. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Buhu arba'in da ɗaya ya huda, sai da aka sake musu mazubi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa wannan, shi kuma bai tambaya ba, don a ganinsa buhu buhu ne.

Kafin la'asar waya ta zo daga Abuja. Chidi ya yi musu magana da Turanci har muryarsa ta tashi, ana ji daga waje. Bai yi amfani ba. Ya fito ya raka Almu har bakin ƙofa.

"Da falet ya zame maka a can ciki, Baba, me zan gaya wa iyalinka?"

Almu ya tuɓe rigar ruwan ɗorawa ya miƙa masa. Ƙarfensa kuwa ya mayar ƙugu, don nasa ne.

Yanzu a siton nan ba a cika bakin layi sai an kwashe shi har bango, kuma an manna takarda mai launi a kowane layi, mai nuna ranar shigar kaya. Wai wani injiniya ne ya kawo dabarar. Oho.

 Sailuba ta fara soya awara a ƙofar gida. Shi kuma yana zama a layin 'yan hatsi na kasuwar Suleja, kan wani benci. Mata masu sayen wake da buhu su kira shi ya duba musu, a ba shi abin da aka ba shi. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da ƙarfensa kawai. In aka kawo buhu yakan fara shafa shi da hannu tukuna, ya tambayi mai shi, "Akwai leda a ciki?" In aka ce akwai, sai ya ajiye ƙarfen a cinya, ya ce a kwance bakin.