Kunnen Hagu a Gonar Dawa

Kunnena na hagu ya mutu tun ina budurwa. Ciwo ya yi, yana ta zubar da ruwa, wanzamin ƙauyenmu ya zura gashin kaza wai zai share, ya fasa dodon kunnen. Na ji ɗas, shi ke nan, shiru ta wannan gefen har yau. Da aka kai ni gidan miji wajen Tsiga ban gaya wa kowa ba, balle uwar mijina, tsohuwar da bakinta ya fi aska kaifi. Na san in ta ji, sunana kurma har kabari.

Masu kunne biyu ba su san wani abu ba. Kunne ɗaya yana jin ƙara sarai, amma bai san daga inda ta fito ba. Akuya ta yi kuka a bayana, ni in leƙa gaba. Sai na koyi satar kallon inda mutane suka waiga, ni ma in waiga.

Shekarun hari ne. In mai tsaro a kan ganuwa ya hango mahara sai ya buga ganga, kowa ya yar da fartanya ya shige gari kafin a rufe ƙofa. Wanda ya makara, sai dai a ji labarinsa a kasuwar bayi.

Wata hantsi da kaka muna roron wake a ƙarƙashin dawa, ni da tsohuwa, dawar ta shanye kan mutum. Na kwantar da ɗana mai rarrafe a kan zane a gindin kaɗanya. Can sai ganga. Na ruga gindin kaɗanyar, zane kawai na tarar.

Sai ya fasa kuka. Ina jinsa tar, kamar a ƙafata yake. Na kutsa gabas, kukan na nan. Na juyo yamma, yana nan. Ganyen dawa na yankar fuskata, ganga na dukan ƙirjina, mutane na wucewa a guje ba mai tsayawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma na tsani wanzamin nan har cikin raina.

Tsohuwa ta daka mini tsawa daga bakin gona: "Ke! Rawa kike yi? Ɗauko shi mu tafi!"

Na ce, "Inna, ina jinsa, ban san inda yake ba. Kunnena ɗaya a mace yake."

Gwiwoyinta ba sa gudu, amma ta rufe ido, ta karkata kai, ta ɗaga sandarta. "Hagunki! Bayan suri!"

Can na same shi, bakinsa cike da ƙasa. Na saɓa shi a kafaɗa, na ja tsohuwa da ɗaya hannun. Mun iso an riga an turo ƙyauren ƙofa rabi, da ƙyar muka kurɗa.

A cikin ganuwa muka zube muna haki. Na sunkuyar da kai ina jiran askar bakinta. Ta tashi daga inda ta faɗi, ta zagayo ta zauna a damana.

Ta ce, "Tun daren da aka kawo ki na sani. Damina uku ke nan, kin taɓa ganin na yi miki magana ta hagu?"