Akaifar Babban Yatsansa

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya hau gonakinmu a ƙasar Maradun, maigidana ya koma tsohon gida kwaso sauran dawa daga rumbu, bai dawo ba. Ran kwana na biyar masunta suka tsamo gawa.

Wansa ya shigo, ya kasa kallona. "Uwar yara, fuskar ba ta ganuwa. Liman ya ce ba za ki shiga takaba ba sai an tabbatar. Akwai alamar da kika sani?"

Na ce a buɗe mini ƙafar dama kawai. Tun yana saurayi fartanya ta tsaga masa akaifar babban yatsa, ta riƙa fitowa biyu. Ni ke yanke masa ita duk Juma'a.

Aka kai ni wurin gawar, aka ɗaga bakin tabarmar da aka rufe ta da ita. Allah Ya yafe mini, ina roƙon in ga akaifa lafiyayya, ko da mijin wata ne kwance. Na durƙusa, na share lakar da ke kan yatsan da gefen zanena. Tsagar tana nan.

Na ce, "Shi ne, Yaya." Na riƙe ƙafar ina kuka har sai da aka ɓamɓare hannuna.