Rariyar Ɗakin Kare

Shekarar da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na samo kare, don ɓarayin awaki sun matsa wa unguwarmu a Madarumfa. Na gina masa ɗan ɗaki a jikin katangar baya, na daɓe da siminti, na karkata daɓen yadda ruwa zai gangara, daidai da abin da na daɗe ina zana wa yara a darasin tsafta. Kullum da hantsi in kwashe kashinsa in binne, in kwarara ruwan sabulu, ya bi rariya ya fita. Ban taɓa zagayawa na ga inda yake zuwa ba. A allo, inda alli ya tsaya nan ruwa yake ƙarewa.

Ashe gindin itacen bedi ruwan yake kwanciya, inda dattawan layinmu ke sallar la'asar. Na dai ga tabarminsu na matsawa kaɗan-kaɗan har suka fita daga inuwa, gaisuwa kuma ta gajarce.

Ran nan maƙwabcina, wani tsohon masunci, ya tsaya a ƙofata, ya nuna mini bakin rigarsa a jiƙe. Ya ce wanke ta ya yi, ruwan karena ya fantsamar masa yana hanyar salla. Na ce ai da sabulu a ciki.

"Madalla, Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "Karen nan naka yana cin abin hannun kowa?"

"Na kowa, Baba."

"To, Allah ya tsare shi."

A ranar na toshe rariyar. Na fasa simintin, na zuba yashin bakin tafki da toka, ina kwashewa ina sakewa. Sai dai lokacin bazara ne, wari ya haura katanga ya ci gaba daga inda ruwa ya tsaya.

Wata safiya na tarar da tsokar nama a gindin katangar, an jefo daga waje, an barbaɗe ta da wani shuɗin gari. Sarƙar da na ɗaure karen da ita ce kawai ta hana shi kai baki. Yana ta ja, yana kaɗa wutsiya.

Kafin azahar na ɗora shi a amalanke zuwa gonar ƙanena a Gabi. Ba wanda ya tambaye ni inda ya tafi. Naman kuwa na haƙa rami mai zurfi na binne, don kajin unguwa ba su yi wa kowa laifi ba.